Malamin Gona Ya Bi Talaka Har Gona

 Mu 'yan kasuwa mun san farashin buhu daga gona yake tasowa, don haka zancen ƙaramin manomi namu ne, ko ina yake.

Ku dubi Amurka. A 1920 manoma baƙar fata sun haura 900,000; a ƙidayar 2017 ba su kai 50,000 ba. Cikin dalilai akwai hana su rance, har suka kai ma'aikatar gona ƙara, aka yi sulhu a 1999.

Alhali maganin tsoho ne. A 1906 masanin noma George Washington Carver na makarantar Tuskegee ya sa aka ɗora kayan koyarwa a keken doki, ana bin ƙauyukan jihar Alabama. Gonar da auduga ta gajiyar, sai a ce a shuka mata gyaɗa da wake, a zuba takin gida.

Mu dai ra'ayinmu ke nan: marar kuɗin mota ba ya zuwa ofis. A kai masa ilimi har gona, a haɗa masa da rance, don shawara ba jari ba ta cika rumbu.