Sharhi: Noti Goma Ke Riƙe Da Jarin Fatake

Tirelar da ke ɗaukar wake ko busasshen kifi daga Maiduguri zuwa Kano, galibi noti goma ke riƙe kowace ƙafarta. Amma sau da yawa yaron mota ake bar wa ɗaurinsu, yana taka bututun da ya zura wa sifana. In ɗauri ya yi yawa, ƙusa ta karye. In ya gaza, taya ta fice ana cikin gudu.

Ƙa'ida ita ce a goge tsatsa, a ɗaure noti sannan wanda ke fuskantarsa, da sifana mai awo, a sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100, wato wajen Benisheikh. Wajibi ne masu motoci su tanadi wannan sifana, domin kuɗinta bai kai asarar lodi guda ba.