Littafin Munyal a jakar 'ya'yanmu: wa ke ba su labarin gidanmu?

 

'Yan uwa Musulmi, akwai littafin da ya shigo gidajenmu na unguwar Briqueterie ta jakar makarantar 'ya'yanmu, galibin iyaye kuwa ba su san abin da ya ƙunsa ba. Sunansa Munyal, wato haƙuri da Fulatanci. Djaïli Amadou Amal, Bafulatana 'yar Marwa, ta fitar da shi da Faransanci a nan Yawunde a 2017. An sake buga shi a Faransa da sunan Les Impatientes, ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a 2020, daga baya aka sa shi cikin littattafan ajin ƙarshe na sakandare a Kamaru. Ke nan yaron Ewondo da yarinyar Bamileke da ɗanmu suna zaune a benci ɗaya, suna nazarin aure da kishi a gidan Musulmin Arewa.

Labarin mata uku ne. Ramla na son ci gaba da karatu, akwai kuma saurayin da take so, aka ɗauke ta aka ba wani attajiri. Hindu aka haɗa ta da ɗan uwanta mashayi mai dukanta. Safira ita ce uwargidan da aka yi wa kishiya da Ramla. Duk wadda ta kai kuka gida, kalma ɗaya ake sallamarta da ita: haƙuri.

Wasunmu suna ganin wannan tonon asiri ne, kuma damuwarsu tana da tushe. A kudancin Kamaru duk wanda ya sa babbar riga da hula "Bahaushe" ne, ko da Bafulatani ne, ko Babarbare, ko Kotoko, ko Balaraben Shuwa. Wanda bai taɓa shiga gidajenmu ba, iyakarsa ya zo unguwar da dare ya sayi tsire ya wuce, in ya karanta labarin gida guda a Marwa zai ɗora shi a kan kowa. Mai karatu a Faransa kuwa yana iya wuce nan, ya ce ai Musuluncin ne haka. Wannan zalunci ne ga addini, domin Bukhari ya ruwaito cewa Khansa'u bint Khizam ta kai ƙarar mahaifinta kan auren da ya yi mata ba da sonta ba, Manzon Allah (SAW) ya warware auren.

To amma wannan hadisin da muke kare kanmu da shi, shi ne kuma hujja a kanmu. In addini ya hana, don me ake yi? Wanene a cikinmu bai san gidan da aka mayar da yarinya ɗakin miji da kumburarriyar fuska, aka ce ta yi haƙuri kada ta kunyata dangi ba? Haƙurin da Alƙur'ani ya yaba daban ne da rufe bakin wanda aka zalunta. Mu ne muka cakuɗa su, marubuciyar ta tarar da su a cakuɗe.

Akwai abin da ya fi wannan ɗaci, shi ne batun asali. A waje muna kukan an yi mana kuɗin goro, a cikin gida kuwa muna da namu ma'aunin. Ranar da aka zo neman aure ake ganinsa. Kafin a tambayi sallar yaro da sana'arsa, sai a tambayi kakansa. Wannan ɗan mahauta ne, wancan jikan bayi ne, wancan kuma tubabbe ne, iyayensa mutanen kudu. A sahun Juma'a kafaɗa da kafaɗa muke tsayawa da wanda ya musulunta, amma in ya nemi 'yarmu sai a fara kame-kame. Littafin marubuciyar na 2022, Cœur du Sahel, nan ya taɓa: yarinya daga ƙauyen duwatsu ta zo aikatau gidan masu hali a Marwa, ana kallonta ƙasa da mutum saboda ƙabilarta da addininta. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta bayyana dalilin da ya sa aka yi mu ƙabila-ƙabila, ta kuma ajiye fifiko a kan taƙawa. Abu Huzaifa, Baƙuraishe, ya aurar da 'yar ɗan uwansa ga Salim, wanda 'yantaccen bawa ne. Mun haddace waɗannan, muna karanta su a wa'azi, yaranmu kuma suna ganin abin da muke yi a zaure.

A nan ne littafi ke samun ƙarfinsa. Gidajenmu an gina su a kan kunya, abu ne mai kyau, sai dai ta kai uba ba ya iya zama da 'yarsa su yi zancen aure, uwa ma sai da habaici. Kakar da ke yin tatsuniya da dare ta koma gefe, waya ta karɓi wurinta. Yarinyar da ba ta da wanda za ta tambaya a gida, wurin marubuci da ɗan fim za ta samo amsa, ko ta gari ko akasin haka.

Hana karatu an gwada shi a Kano. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? tun 1990, kan irin wannan matsala, littattafan soyayya suka cika kasuwa, malamai da iyaye suka yi ta suka. A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, har ƙona wasu littattafai aka yi a bainar jama'a. Rubutun bai tsaya ba, ya koma WhatsApp da Wattpad, inda babu mai tacewa, kuma daga can yake iso wa wayoyin 'yan matan Briqueterie.

Magabatanmu wata hanyar suka bi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata. Sun fahimci cewa abin da mutane ke ji kuma suke maimaitawa shi ke zama ɗabi'arsu, don haka suka rubuta nasu.

Mu a Yawunde yaranmu da Faransanci suke karatu, da yawansu ba sa iya karanta Hausa ko Fulatanci, ko a boko ko a ajami. Abin da ke hannunmu bai fi ƙarfinmu ba. Malaman Islamiyya da suka iya Faransanci su karanta Munyal, su zauna da 'yan ajin ƙarshe, su ware musu abin da yake shari'a da abin da yake al'ada, ba tare da zagin marubuciyar ko wanke mu ba. Limaman da ke ɗaura aure su tabbatar an ji ta bakin yarinya kafin a shafa fatiha. Iyaye kuma su sani cewa sashe na 356 na kundin hukunta laifuka na Kamaru, wanda aka sabunta a 2016, ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga wanda ya tilasta wa wani aure, kuma ya haɗa da mai aurar da wadda ba ta kai shekara 18 ba.