Daga Ajin Muhawara Zuwa Kotun Ƙoli

 Yau Amurka za mu leƙa. Kotun Ƙolin ƙasar tana da alƙalai 9, kuma 6 daga cikinsu mabiya ɗarikar Katolika ne, alhali 'yan ɗarikar kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na jama'ar ƙasar. Me ya kawo haka?

Siyasa na da hannu, tunda shugaban ƙasa ne ke zaɓen alƙalan, majalisar dattawa ta tabbatar. Amma a al'adance gogaggen lauya ake zaɓa, kuma a nan ne makaranta ta shigo.

A ƙarni na 19, 'yan Katolika da suka yi ƙaura daga Ayilan da Jamus da Italiya sun tarar ana mayar da su saniyar ware. Sai suka gina makarantunsu, har a unguwannin talakawa. Limaman ƙungiyar Jesuit, wadda aka kafa a 1540, sun buɗe kwalejoji da wani tsari da ya fifita rubutu da muhawara. Ɗalibi zai miƙe ya kare ra'ayinsa, abokinsa ya nemi rushe hujjar. To, aikin lauya ke nan a gaban alƙali.

Dubi Sonia Sotomayor. A gidajen marasa ƙarfi na Bronx ta tashi, mahaifinta ya rasu tana shekara 9. A sakandaren Cardinal Spellman ta shiga ƙungiyar muhawara, kuma a 2009 ta zama alƙaliya a Kotun Ƙoli. Shi kuwa Clarence Thomas, sistocin Katolika ne suka koyar da shi a Savannah, a zamanin wariyar launin fata.

Ɗarikarsu ɗaya, amma sau da yawa hukuncinsu ya kan saɓa. A shari'ar zubar da ciki ta 2022, kowannensu ɓangarensa daban. Makaranta ba ta ba su amsa ɗaya ba, ta dai koya musu yadda ake kafa hujja.

Wannan ba sai a makarantar mishan ake samu ba. Idan kana sha'awar aikin lauya, shiga ƙungiyar muhawara ta makarantarku. Idan babu, ku haɗu ku nemi wani malami ya jagorance ku. Ka riƙa karɓar ɓangaren da ba ka yarda da shi ba, domin wanda bai fahimci hujjar abokin hamayya ba, da wuya ya kare tasa.

Sai mako mai zuwa.