Ranakun da Ba a Hutu: Wa Zai Tunatar da Jama'a?

A nan Togo kowa ya san 27 ga Afrilu, ranar samun 'yancin kai a 1960, domin ofisoshi da makarantu a rufe suke. Amma kwana biyu kafin nan, 25 ga Afrilu, ita ce Ranar Yaƙi da Zazzaɓin Cizon Sauro, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware a 2007. Ba hutu, ba fareti, sai ta wuce shiru a Nyékonakpoè, alhali damina ta kankama, ruwa ya kwanta a kwatoci, sauro na hayayyafa, ƙananan yara da masu juna biyu na kwantawa.

Haka 14 ga Yuni, ranar masu ba da gudummawar jini, take wucewa.

Wasu 'yan'uwa na ɗari-ɗari da irin waɗannan ranaku, suna tsoron bidi'a. Gaskiya ne idinmu biyu ne, Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah. To amma waɗannan ba ibada ba ne, tunatarwa ce, kuma kare rai na cikin manyan manufofin Shari'a.

Ranar hutu gwamnati ke shelanta ta. Wadda ba hutu kuwa, sai an sami mai ɗaukar nauyinta. Mu muna da mumbari kowace Juma'a. Limamai su keɓe minti biyar kan gidan sauro da gaggawar kai yaro asibiti, ɗalibai su fito yashe kwatoci.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.