Ba Kowane Ciwon Ƙugu Ba Ne Sanyi



Da ƙugu ya riƙe sai ka ce sanyi ne ko basir, ka kama sayen jiƙo. Malam, duba zamanka tukuna. Wuni guda kana zaune a shago, ka ranƙwafa, ga walat a aljihun baya. Ƙashin baya ke ɗaukar nauyin, har tsoka ta ƙage.

Duk minti 30 miƙe ka ɗan taka. Tokare bayanka da ƙaramin matashi. Da dare a gasa wurin da ruwan ɗumi, a shafa man zaitun.

Amma in ciwon ya sauka ƙafa tana sagewa, ko fitsari yana kufce maka, ka bar batun ƙaho, tafi asibiti yau ɗin nan.

Allah Ya ba mu lafiya.