Shari'ar Fyaɗe: Tun Ranar Farko Ake Cin Ɗaukaka Ƙara Ko A Faɗi

Duk lokacin da labari ya iso zango cewa babbar kotu ta saki wani da aka ɗaure kan fyaɗe, mukan rabu gida biyu. Wasu su ce kuɗi ne ya yi aiki, wasu su ce da ma sharri aka ƙulla wa bawan Allah. Kaɗan ne daga cikinmu ke tambayar abin da alƙalan suka gani a takarda. Alhali a nan zancen yake, kuma mu da kanmu muna da hannu a abin da ke shiga takardar da abin da ba ya shiga.

Dokar Gana ba ta ɗauki fyaɗe da wasa ba. Dokar manyan laifuffuka ta 1960 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 25 ga wanda ya yi fyaɗe, da shekara 7 zuwa 25 ga wanda ya kwanta da yarinyar da ba ta kai shekara 16 ba, ko da yardarta ko babu. Nauyin hukuncin ne ya sa ma'aunin hujja ya yi tsauri. Tsarin mulkin 1992 ya ce mutum mara laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa, dokar shaida ta 1975 kuma ta ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatarwa har ya kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana. Ba aikin wanda ake tuhuma ba ne ya wanke kansa.

Akwai kuskuren da ya zaunu a zukatan mutanenmu da dama, cewa in babu shaidu huɗu babu magana. Wannan sharaɗi malamai sun karantar da shi a babin haddin zina, kotun Gana kuwa ba ta neman sa. A dokar ƙasar nan, shaidar mace ɗaya tana iya isa a ɗaure mutum, muddin kotu ta gaskata ta. Sai dai alƙalai kan nemi abin da zai ƙarfafa maganarta: rahoton likita, tufafin da ta sa, wanda ta fara kai wa kuka, da lokacin da ta kai.

Abin da ya kamata mu fahimta game da ɗaukaka ƙara shi ne, alƙalan sama ba su ga hawayen yarinya ba, ba su ji rawar muryar wanda ake tuhuma ba. Rubutaccen bayanin shari'ar farko ne a gabansu. Tambayarsu ita ce: shin hujjar da ke rubuce ta isa ɗaukar wannan hukunci? Shin an yi kuskuren doka da ya jawo zalunci? Ba sa rushe hukunci don ɗan tuntuɓen alƙalami, kuma ba kasafai suke karɓar sabuwar hujja ba. Amma in suka tarar ginshiƙin da hukuncin ya tsaya a kai ruɓaɓɓe ne, dole su rushe shi, komai zafin da jama'a za su ji.

Shari'ar wani malamin makaranta a Tamale ta isa darasi. A 2005 aka ɗaure shi shekara 15 bisa zargin lalata ɗalibarsa, wadda ta ce shi ya yi mata ciki. Cikin nan aka riƙa a matsayin abin da ya gaskata maganarta. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin. Sai da magana ta kai Kotun Ƙoli aka ba da umarnin gwajin ƙwayoyin halitta, gwajin ya nuna ba shi ne uban yaron ba, aka wanke shi a 2017, bayan ya shafe fiye da shekara goma a kurkuku. Mu lura da asarar: mutum ya rasa ƙuruciyarsa da aikinsa, yarinya kuma an yi mata ciki tana ƙarama, shari'a ta ƙare shekarunta a kan wanda ba shi ya yi cikin ba. Gwajin da aka yi a ƙarshe, da an yi shi tun haihuwar yaron, da an tsare haƙƙin su biyun.

Wasu za su ɗauki wannan labari su ce, ai ga shi nan, mata ƙarya suke yi. Wannan ma zalunci ne. Mun san cewa a Nima da Sabon Zango da Aboabo, abin da ya fi yawa ba ƙarar ƙarya ba ce, ƙarar da ba a kai ba ce sam. Yarinya za ta faɗa wa uwarta, uwa ta yi mata wanka, ta wanke zanen, ta ce kul kada wani ya ji. Dattawa su zauna a zaure, a ba da haƙuri, a karɓi kuɗin magani, a ce an rufa asiri. Bayan wata uku sulhu ya watse, sai a ruga wurin 'yan sanda. A lokacin rauni ya warke, tufafi sun sha sabulu, labarin ya bi bakuna goma ya sauya kama. Lauyan wanda ake tuhuma ba ya buƙatar fiye da haka. In ma an ɗaure a kotun farko, a sama sai hukuncin ya zube. Sa'an nan mu ce alƙali ya ci amana, alhali mu muka shafe sawun ɓarawo da tsintsiyarmu.

Don haka ba mu tare da masu cewa a sassauta ma'aunin hujja don a riƙa ɗaure masu fyaɗe da sauƙi. Ma'aunin da aka sassauta yau don ɗan wani, gobe ɗanmu zai hau. Mu 'yan tsiraru, da yawancinmu ba mu da kuɗin lauya, wasunmu sai da tafinta suke magana a kotu, mu za mu fi kowa cutuwa. Maganin shi ne a kyautata hujjar, ba a rage mudun ba.

Wannan kuwa yana hannunmu. A kai yarinya asibiti kafin wanka, cikin awa 72 na farko, domin a nan ne ake samun alamu, a nan ne kuma maganin kariya daga cutar ƙanjamau ke aiki. A adana tufafin ba tare da wanki ba. A kai rahoto sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a iyali, a karɓi takardar likita. Dokar 2007 kan cin zarafi a iyali ta yi tanadin magani kyauta, ya kamata shugabanninmu su matsa a cika shi, kada kuɗin cike takarda ya mayar da talaka gida. A nemi tafinta mai jin Hausa sosai, domin kalma ɗaya da aka juya ba daidai ba za ta zauna a takarda har Kotun Ƙoli. Sarakunan zango da limamai kuma su sani, doka ta yarda da sulhu a ƙananan laifuffuka ne, fyaɗe ba ya cikinsu.

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunyar da muke gudu a ranar farko ita ke komawa hujjar da aka rasa a ranar ƙarshe. In muna son mai laifi ya tabbata a kurkuku, mara laifi kuma ya kwana a gidansa, to mu daina binne gaskiya da hannunmu, sa'an nan mu ce kotu ta tono ta.