Ɗakin sana'a a gida: Tun ran gini, ran zane

A Kubwa, Lugbe, Karu, Kuje da Gwagwalada, wani irin gini na ƙara yawa a harabar gidajen ma'aikatan gwamnatin tarayya: ɗaki guda da aka keɓe domin ɗinki, aikin kafinta, walda ko niƙa. Dalilin a fili yake. Dokar aikin gwamnati ta ce ma'aikaci ya ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, kuma kowa ya san fansho shi kaɗai ba ya riƙe gida. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwancin kansa, in ban da noma. Saboda haka da yawa sukan gina ɗakin tun suna bakin aiki, su jira ranar ritaya.

Niyyar ta yi kyau. Inda ake yin tuntuɓe shi ne tsari. Mafi yawa sukan fara da bulo da kwano, sai an gama shafe da fenti a tuna da wuta, da ruwa, da iska. Ya kamata a juya wannan jeri. Sana'ar da za a yi ita ce za ta zana ɗakin, birkila kuwa ya zo daga baya.

Abu na farko shi ne wutar lantarki. Kafin a haƙa harsashi, mai gida ya rubuta kowane injin da zai shiga ɗakin da yawan wutar da yake ci. Keken ɗinki da dutsen guga za su iya zama a kan wuta mai layi ɗaya, irin ta yawancin gidaje. Babban injin niƙa ko na feƙe katako kuwa sau da yawa sai da wuta mai layi uku, wadda sai an nema daga kamfanin AEDC da ke raba wuta a Abuja, Neja, Nasarawa da Kogi. Irin waɗannan injuna kan ja wutar da ta ninka ta lokacin aiki sau biyar ko fiye a daidai lokacin da aka kunna su. Wanda ya jona su da siririyar wayar da aka ja domin fitilu da fanka, gobara yake gayyata.

Don haka ɗakin na buƙatar akwatin rarraba wuta nasa na kansa, da makatsar da ke yanke wuta da zarar ta yi yoyo, da sandar ƙarfe da aka binne domin kai ɓatacciyar wuta ƙasa. Mita ta daban ma tana da amfani. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, wanda bai raba abin da sana'a ke ci da abin da gida ke ci ba, zai daɗe bai san ko riba yake yi ko asara ba. Janareta kuma, ban da tsadar mai da ta biyo bayan cire tallafi a 2023, yana buƙatar rumfarsa a waje, nesa da tagogin ɗakunan kwana, domin hayaƙinsa kan kashe mutum cikin barci.

Na biyu shi ne fasalin ɗakin. Falan katakon da kafintoci ke saye ƙafa 8 ne tsawonsa, faɗinsa ƙafa 4. Ƙofar da ba zai shige ta cikin sauƙi ba ta yi kaɗan. Wurin ajiye kaya ya kasance kusa da ƙofa, wurin aiki a tsakiya, abin da aka gama a gefe guda. Tartsatsin walda da garin katako ko fenti kada su haɗa kusurwa ɗaya. Tagogi su kalli juna ta kudu da arewa, iska ta ratsa, rana kuma ba ta shigo kai tsaye da safe ko da yamma ba. A ɗaga daɓe sama da tsakar gida saboda ruwan daminar Abuja, a kuma binne bututun ruwa da na magudana kafin a zuba siminti. Ruwan da ya haɗu da baƙin mai ko rini kada ya gangara wajen rijiyar da iyali ke sha. Sannan masu kawo aiki su samu ƙofarsu ta waje, domin kada sana'a ta keta sirrin gida.

Na uku shi ne izini. Filin da aka bayar domin zama, a takarda na zama ne. Ƙarin gini ko sauya amfaninsa a Babban Birnin Tarayya sai da amincewar sashen kula da tsarin gine-gine, kuma mazauna Abuja sun sha ganin abin da katafila ke yi wa ginin da ba shi da takarda. Mazauna Mararaba da Masaka za su nemi nasu izinin a Jihar Nasarawa, na Suleja da Madalla a Jihar Neja. Maƙwabta ma suna da haƙƙi, domin ƙarar injin da ke hana su barci ita ce kan fara kai ƙorafi ofis.

Wasu za su ce kuɗin mai zanen gini da na ƙwararren mai aikin lantarki ƙarin nauyi ne a kan albashin da bai kai ƙarshen wata ba. Gaskiya ne. Amma fasa bango domin sake jan waya, ko sayen injin da wutar gida ba ta iya tayar da shi, ya fi wannan tsada nesa ba kusa ba. Dunƙulen kuɗin da ɗan fansho ke karɓa ranar sallama sau ɗaya yake zuwa. Ma'aikacin da ya shafe shekara 35 yana duba takardun ayyukan gwamnati, ya dace ya yi wa ɗakin da zai ci abinci a cikinsa irin wannan duban kafin ya sayi buhun siminti na farko.